2.4 da na rubuta da hannuna

Daren Laraba, Daura

Bayana ciwo yake, kuma ni na jawo wa kaina. Da safe Malama Rabi, shugabar makarantar da na yi wa manhajar sakamakon jarrabawa a Baure, ta kira ta ce takardun yara sun ƙi fitowa, ga shi gobe iyaye za su zo. Na ce ta duba inda manhajar ke nuna lambar sigar laburarenta, wato ɓangaren da take buga takardu da shi. Ta karanto min 2.4, daidai da na kwamfutata.

Na ce, "Malama, ko dai kin taɓa wani abu?"

Ta ce, "Injiniya, kwamfutar nan ko goge ta sai da bismillah."

Na hau babur har Baure ina shirya faɗa a raina. Ina buɗe rubutun manhajar sai na gano matsalar. Ashe bara, saboda ƙiwuya, ban sa manhajar ta tambayi laburaren sigarsa ba, da hannuna na rubuta 2.4 na tafi cin tuwo. Da na sa manhajar ta tambaye shi yadda ya kamata, sai ga 1.9, tsoho tukuf.

Na sabunta shi, takardu suka fito. Ta tambayi wa ya yi wannan aika-aika, na ce wani malalacin ma'aikacina ne. Ta ce in kore shi. Na ce yana da iyali.