Malamin Ɗana Ya Zube Mini a Kasuwa

Anti Morenike, ki taimake ni, tun shekaranjiya bakina ya ƙi rufuwa.

Atamfa nake sayarwa a Ibadan, kuma da na ɗauka babu abin da idona bai gani ba. Ina tsakiyar ciniki sai ga Malam Fagbemi, malamin ɗana Dotun, rigarsa ta sha guga. Kafin in miƙe in gaishe shi, bawan Allahn nan ya zube rub da ciki, irin gaisuwar da yaro ke yi wa babba. Malami guda! A gaban 'yan dako! Maƙwabciyata har da guɗa, wai ashe na yi sabon miji ban faɗa mata ba.

Ashe makarantar ce ta fito da tsari: ƙarshen zango ɗalibai ke ba malamai taurari ta waya, wanda bai kai uku ba a sallame shi. Dotun ya ba shi ɗaya, ya kuma zuga abokansa, don kawai malam ya gano waya ce ta rubuta masa aikin gida, ya ce ya sake. Roƙona malamin ya zo yi in sa baki.

Anti, ni fa da sabuwar tsumagiya ubana ya kai ni makaranta, ya damƙa wa malam, ya ce idanuna kawai zai bar masa! Da na titsiye ja'irin ɗan nawa, ko gezau, wai ai ni nake cewa wanda ya biya kuɗinsa shi ke da baki. Wallahi maganata ce. In cire shi daga makarantar, ko in nemo tsumagiya?

Iya Dotun

Iya Dotun, bar tsumagiya inda take. Tsoro ta koya mana, ba lissafi ba. Kuma jin ta bakin yara ba laifi ba ne, akwai malaman da ta nan kaɗai ake gano muguntarsu. Inda makarantar ta kauce shi ne rataye abincin mutum a kan fushin yaro. Kada ki cire Dotun. Ki tara iyayen ajin, ku je wurin shugabar makarantar kafin a sallami malamin.

Shi kuma Dotun, ki gyara masa karatun kasuwar: ke ce mai biya, malam tela ne, shi kuma atamfar da kika kai ɗinki ce, kuma ba a tambayar atamfa ko ta ji daɗin almakashi. Ya sake aikin da hannunsa. Sannan ki gayyato Malam Fagbemi rumfarki, ki ba shi kujera, Dotun ya zube masa daidai inda ya zube miki. Ki tabbata 'yan dakon suna nan.

Allah ya shirya miki shi, ya kawo kasuwa.