Kusurwar da Ban Duba Ba

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Kwana tara ruwa bai ɗauke ba, cikin ramin jirgin ƙasan da muke haƙawa ma tsiyaya yake ta ko'ina. Mita uku kacal muka ci a dutsen yau. Injiniya Phadke sai duba agogo yake yana tsaki. Wai jirgin da zai bi nan zai riƙa cin kilomita ɗari uku a awa. To ya zo ya fasa dutsen da kansa. Shekara ashirin da shida ina tada nakiya, ba yaron jiya ne zai koya mini sauri ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Na mari direban tifa har leɓensa ya fashe. Ya ja baya bai duba ba, saura ƙiris ya taka akwatin nakiya. Etwa mai injin huda dutse ne ya riƙe ni yana dariya: "Kawu Kundan, bar shi haka, da wane bakin zai ci shinkafa?" Ban yi nadama ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Etwa ba shi da hannun dama yanzu.

Ƙa'idar ita ce in na tada nakiya hayaƙi ya lafa, ni kaɗai nake fara shiga. In haska kowane hujin nakiya da tocila, in tabbatar ya tashi, in shafa koren fenti a dutsen, sannan masu huda su shigo. Yau huji casa'in da huɗu ne. A kusurwar ƙasa ta hagu ruwa ya kai gwiwa, laka ta rufe komai. Phadke na ta kira ta oba-oba. Na ce a raina ai duk sun tashi. Na shafa fenti na fito.

A wannan kusurwar Etwa ya kafa bakin injinsa, kan nakiyar da ba ta tashi ba. Ina riƙe da kofin shayi ƙarar ta zo. Da muka fito da shi jini na zuba daga kunnensa, yana ta tambayar ina safar hannunsa.

Ba wanda ya san ban duba ba.

Juma'a, 8 ga Agusta

'Yan jihar Jharkhand, mutanen su Etwa, sun tare Phadke a ƙofar ofis. Somra, yayan Etwa, shi ne a gaba da rodi. "Kai ne mai cewa a yi sauri ko? To ga sauri!" Suka rufe shi da shebur da hular kwano. Ya faɗi cikin taɓo, tabarau ya fashe a fuskarsa. Ya hango ni ya ce, "Kundan, faɗa musu!"

Na je na sa masa takalmi a haƙarƙari. Sau biyu. Na ji ƙashi ya amsa. Lissafina shi ne wanda ya fi kowa duka ba a tambayarsa komai.

Asabar, 9 ga Agusta

Ba aiki. 'Yan sanda sun tafi da Somra, sun sako shi fuska a kumbure.

Talata, 12 ga Agusta

An ɗora wa Phadke laifin hatsarin gaba ɗaya. Daga gadon asibiti sai kotu, in ji su. Somra ya kawo mini shinkafa da dal, miyar wake, da matarsa ta dafa, ya ce, "Kawu, ka nuna kai namu ne." Na ci. Abin kunya, har na suɗe kwanon.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na je duba Etwa. Kansa yake zargi, wai da ya share lakar tukuna. Ya ce, "Amma na ga korenka, Kawu. In na ga korenka, ko ɗana sai in shigar." Na ce ya yi shiru ya huta. A waje na yi amai cikin kwata. Na tsani kaina.

Asabar, 16 ga Agusta

Na faɗa wa Somra gaskiya da rana tsaka, a bayan kantin abinci. Ya naushe ni na faɗi. Ya ce, "Tashi, tsohon banza." Na tashi, ya ƙara. Haƙori biyu sun fita, hancina kuma ya karkace. Ba wai ba zan iya da shi ba ne, ko yau sai in kayar da irinsa biyu. Ƙasar ce da santsi, shi ya sa ban rama ba.

Jibi ƙarfe tara zan kai kaina caji ofis. Ya ce zai raka ni don kada in gudu. Na ce ya zo da lema, tawa ta karye.