Gurbin Ummi a Takardar Biza

Malama, matata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya Ummi da makaranta? Ni lafiya ƙalau, har na fara gaida firij da safe, yana amsa mini da gurnani.

Jiya na koma ofishin biza. Takardarki ta wuce, ta Ummi ce ta maƙale. A gurbin 'ya'ya na rubuta ta, don tun rasuwar yayarki ban taɓa kallonta a wani gurbin ba. Jami'ar ta duba takardar haihuwa ta ce, "Ba matarka ce ta haife ta ba. Ina shaidar riƙo?"

Na ce, "A bayanta ta girma."

Ta ce ba su da gurbin wannan. Duk karatuna, ban san goyo na buƙatar hatimi ba.

Don Allah ki nemo takardar riƙo a kotu. An ce za a shekara. Kada ki taho ki bar ta, zan jira.

Faranti uku na saya. Ina ci a cikinsu bi da bi, don kada su yi ƙura.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki