Tabon Man Ƙosai a Takardar Mijina

Gaisuwa mai yawa ga mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne.

Ni matar aure ce a Kafanchan. Mijina malamin falsafa ne a wata jami'a, kowa Dokta yake ce masa, ni kuwa Baban Tabita. Ɗan wajen Manchok ne, 'yan mishan suka koyar da shi da fatan zai zama fasto, sai ya dawo daga ƙasar waje da gemu da akwatin littattafai yana cewa talaka ba zai sha iska ba sai gona da masana'anta sun koma hannunsa. Duk hutu yana gida, yana tara ma'aikatan jirgin ƙasa da manoman citta a falonmu, suna kiran juna kwamared, ni ina dafa musu shayi ina kwashe kofuna. Mutum ne mai gaskiya, wannan ba zan hana shi ba. An yi masa tayin kujera a gwamnatin soja ya ƙi. Amma mutumin da zai yi awa uku yana bayani a kan gumin ma'aikaci bai taɓa tambayar wanda yake share ɗakin karatunsa ba.

Yana buga takardunsa da keken rubutu, wadda ta lalace sai ya jefa a kwali ya ce in ƙona. Ni kuma ina da yaya, Saratu, mijinta ya rasu a yaƙi, da suyar ƙosai a bakin tashar jirgi take riƙe 'ya'yanta, kullum tana neman takardar naɗi. To ni da na tashi a gidan da ba a zubar da ko gwangwanin madara, ta yaya zan cinna wa kwali guda na takarda mai kyau wuta? Sai na riƙa kai mata a ɓoye. Ban taɓa karantawa ba, Turancinsa ya fi ƙarfina. Ashe a ciki akwai wadda ya jera sunayen ma'aikatan da suka yarda su tsayar da aiki.

Ba a yi wata guda ba 'yan sandan ciki suka zo da rana tsaka suka tafi da shi. Sati uku yana hannunsu. Mutum shida aka kora daga aiki, jami'a kuma ta dakatar da shi. Ina cikin wannan tashin hankali Yaya Saratu ta zo yi mini jaje, tana cikin hira ta ce, “Kin san wannan pepa da kina ba ni? Wani mutum ya saya ƙosai, ya tsaya yana karanta shi har ƙosai ya yi sanyi. Ya ce in ba shi sauran duka.” Ba ta iya karatu ba, har yau ba ta san abin da ta faɗa mini ba. Nan take na gane ta inda takardar ta fita.

Da aka sako shi na yi niyyar faɗa masa, Allah ya sani. Amma bai ko zauna ba ya tara mutanensa. Ya ce 'yan sandan sun nuna masa takardar, kuma ya ga tabon mai a gefenta. Daga nan ya shiga jera hujja irin ta aji: takarda ba ta tafiya da ƙafarta, tabon mai daga hannu mai mai yake fitowa, kuma a duk masu shiga gidan nan mutum ɗaya ne yake wuni cikin man inji, ga shi kuma ba a kore shi ba. Wannan mutumin shi ne Baba Bitrus, tsohon makanikin kan jirgi, wanda ya fara kawo ma'aikata wurin mijina tun ba mai sauraronsa. Ina tsaye da tire a hannu na ji tsohon ya ce, “Dokta, ni ne? Ni da na ɗauke ka kamar ɗana?” Mijina ko kallonsa bai yi ba. Ni kuma na ajiye tiren na koma kicin.

Abin da yake ci mini rai ke nan. Ya lissafa kowa, har mai kawo wasiƙa, amma ni da nake kwasar kwalin da hannuna ban ko faɗo masa a rai ba. Da ya tambaye ni sau ɗaya, da na fashe da kuka na faɗi komai. Wane irin ilimi ne wannan da zai gano maƙiyin talaka a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, amma ya kasa bambanta man gyaɗa da baƙin mai? Na taɓa gwadawa. Na ce, “Baban Tabita, in kuma ba shi ba ne fa?” Ya cire tabarau ya ce, “Maman Tabita, wannan ba maganar tausayi ba ce, maganar hujja ce.” Ya mayar da kansa kan littafi. Na san jin haushinsa ba zai wanke ni ba. Ni na ƙi bin maganarsa, ni kuma na yi shiru wata biyar.

A wata biyar ɗin nan an gama da Baba Bitrus. A wurin aiki ba mai cin abinci kusa da shi. An rubuta masa “maci amana” da alli a ƙofa. A majami'a benci guda ake bar masa shi kaɗai, matarsa ta daina zuwa zumuntar mata, masu neman auren 'yarsa sun janye. Ni kuma na daina cin jibin Ubangiji a majami'a, matar fasto tana ta tambayata ko lafiya. Ranar kasuwa na haɗu da shi, na so in kauce, sai ya tare ni ya ce, “'Yata, ki gai da Dokta. Ki ce masa ya riƙa cin abinci, ya rame.”

In na faɗa, mijina zai tsaya gaban mutanen da suka rasa aiki saboda shi ya ce matarsa ce, kuma shi ya yanke wa marar laifi hukunci. Sunansa na mai gaskiya shi kaɗai ya rage masa, kuma ban san ko aurena zai kai gobe ba. Yaya Saratu ma ba za ta ƙara zama a bakin tashar nan ba. In na yi shiru, tsohon nan zai mutu da sunan da ba nasa ba.

Yanzu na ji ya ajiye aiki, ranar Asabar zai kwashe iyalinsa su koma ƙauye. Jirgin safe zai hau, kuma dole ya wuce ta gaban kaskon yayata, ƙila ma ya saya wa jikokinsa ƙosai. Yau Talata.

Jama'a, me zan yi?