Wayar da Na Juya

Zuwa ga Mai Tsirkiya Huɗu, ruwan sanyina a tsakar rana, inuwar da nake nema in zafi ya ishe ni, tsawar farkon damina wadda ƙirji ke ji kafin kunne. Gaisuwa mai tarin yawa daga kafintanki, wanda yau ya ajiye zarto ya ɗauki takarda.

Masoyiya, kin tuna ranar da kika fara tsayawa a bakin shagona, da jitarki ta bes, mai kaurin muryar nan, a goye, ta kusa fin ki tsawo? Kika ce tsohon akwatin lasifikarki ya gaji, da kin taɓa tsirkiya mai kauri sai ya hau karkarwa kamar kwanon rufi a iska. Kin sayi sabbin lasifika biyu, gidan da za su zauna ne babu. Ni da ban san komai ba sai kujera da ƙofa da kabad, na bugi ƙirji na ce wannan ai wasan yara ne. Ƙarya na yi miki. So nake ki dawo gobe, ki kuma dawo jibi.

Kika kuwa dawo, har mako uku. Kina riƙe da bakin tef ina awo, garin katako na sauka a kan ɗankwalinki, ni kuma ina ɓata layi don kallonki. Ke kika koya mini cewa murya mai kauri tana son babban ciki, kuma kada iska ta sami mafita sai ta ramin da aka auna mata. Na bi kowace kusurwa da gam, na kafa katako a tsakiya don kada bango ya girgiza, na shimfiɗa soso a ciki. In na gama gefe guda sai ki ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ki kara kunnenki, ki lumshe ido. Wallahi tun a lokacin na fara jin haushin katako. Gwaggona mai ɗinki, da ta kawo baƙin ƙyallen da za a rufe fuskar akwatin, ta dube ni ta dube ki, ta ce ɗan nan ba akwati yake ƙerawa ba, tarko yake ɗanawa. Kika yi dariya har kika saki tef ya buge ni a yatsa.

Sai ga mai gangan ƙungiyarku ta kiɗa, ranar da zan rufe akwatin. Ya shigo da sandunansa a aljihun baya, yana taku kamar shagon na ubansa ne. Ya hau kiɗa a kan teburin aikina. Teburina! Ke kuma kika ɗauka da baki, kina bin sa da irin amon jitarki, idonki cikin idonsa. Can kuka tsaya cak a lokaci guda, ba wanda ya yi wa wani alama, kuka fashe da dariya. Ina tsaye da fensir a kunne kamar baƙo. Yaushe kika taɓa sanin inda zan tsaya kafin in tsaya? Yaushe idonki ya taɓa jimawa a nawa haka? Da kika ga fuskata ta canza, kika ce ai bes da ganga hanta da jini ne, dole mai wannan ya kalli mai wancan, aiki ne kawai. Shi kuma ya shafa akwatina ya ce da wannan, gangarsa da jitarki za su zama murya ɗaya.

Murya ɗaya. A cikin akwatin da na yi wa gumi.

Yanzu ki saurara, hasken idona, don nan ne maganar take. Ke da bakinki kika gargaɗe ni: jar waya ga jan baki, baƙa ga baƙi, a kan lasifika duka biyu, don su tura iska tare. In aka juya ta ɗaya, wannan na turawa waccan na ja, sai su cinye muryar juna. Da kuka fita tare kuna ta hirarku, na tsuguna na juya wayar lasifikar ƙasa. Ba kuskure ba ne. Ina sane, ina kallon hannuna. Na mayar da murfin baya na ɗaure sukurori takwas, ina cewa a raina to a yi murya ɗayar mu gani. Haushin kaza na huce a kan dami, kuma damin ke ce.

Na zaci akwatin za ki zarga, ki dawo mini da shi, in ƙara samun mako uku. Ban san ki ba ashe. Ranar Talata kika zo shago kika zauna a kan benci, ba ki ko dubi inda aka yi aikin ba. Kika ce a wurin gwaji sautinki ya fito siriri, ba nauyi, ko kin ƙure na'urar ƙara sauti. Kika ce laifin yatsunki ne, kika buɗe mini su na ga bororo biyu sun fashe saboda maimaitawa. Kika ce shugaban ƙungiya ya ce in abin bai gyaru ba kafin Asabar, ranar da za ki fara hawa babban dandamali, mai fiyano zai maye gurbinki, ya riƙa fitar da amon bes da hannunsa na hagu. Shekara huɗu kina jiran wannan Asabar ɗin. Sannan kika ɗago kika ce, "Kai dai ka yi naka, na gode." Na sunkuya ina ta goge katakon da ya riga ya yi santsi.

Zan so in ce tausayin yatsunki kaɗai ya sa na ɗauki biro. Ya sa, Allah ya sani. Amma tunda na fara gaskiya bari in ƙarasa ta. Da za ki tafi kin ce mai ganga zai zo gidanku ranar Alhamis ya kwance akwatin ya duba. Shi? Ya sa hannu a cikin abin da na ƙera miki, ya gano cutar, ya warkar, ki dube shi da irin kallon nan? Gara in tona kaina da kaina. Da na faɗa wa Gwaggo, ta ce an ce kishi kumallon mata, ga shi ɗanta ya kwashe na unguwa duka bai rage musu ba. Ta ce wanda zai gina ramin mugunta ya gina shi gajere, ta miƙo mini takarda.

Ita za ta kawo miki wannan wasiƙar, tare da sukudireba da ƙaramin batir. Ki kwance murfin baya da hannunki. A lasifikar ƙasa, ki zare wayoyin biyu ki musanya su, maƙalewa kawai suke yi. Sai ki taɓa batir a bakin babbar wayar ki duba: in lasifikan duka biyu sun zabura waje tare, muryarki ta dawo. Minti biyar ne aikin, ni kuwa na sa kin yi kwana shida kina zargin kanki.

Ba zan ce na daina kishi ba, don in na faɗa ƙarya ce ta biyu. Ranar Asabar za ki kalle shi, dole ne, ni kuma zan ji kamar an soka mini ƙusa. Amma na yi miki alkawari zan haɗiye, ba zan sake taɓa abin da yake naki don in rama abin da ke cina ba. In kin yarda in zo, zan tsaya can baya inda amon ke bugun ƙirji. In kin ce kada ki ga ƙeyata, ba zan zo ba, kuma ba zan ga laifinki ba.

Abu ɗaya ya rage, zumar raina. In kin cire murfin, ki juya shi, ki ɗaga soson da ke jikinsa. Akwai tambayar da na rubuta miki a kan katakon da fensirin awo, wadda na kasa yi da baki duk makonnin nan uku. Na rubuta ta tun kafin mai ganga ya shigo, tun kafin in taɓa wayar nan. A duk cikin akwatin, ita ce ban juya ba, kuma ba na son wani ya riga ki karanta ta.

Naki, ko kin amsa ko kin mayar da murfin kin ɗaure, har ranar da hannuna zai kasa ɗaga zarto,

Kafintanki