Miliyan Sha Takwas Kafin Alhamis

Louisville, Litinin

Zuwa ga Koci Gus Tarkowski, manajan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Omaha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Madam Irene. Shekara shida ke nan ba ka ɗaga wayata, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka daure ka karanta har ƙarshe, in ya so ka goge.

Mai ƙungiyarmu, Mista Hargrove, ya kira ni ofis ranar Juma'a. Ya ce albashin 'yan wasanmu ya haura iyakar da hukumar gasa ta gindaya, kuma ko dala ɗaya ba zai biya tara ba. Ko in rage miliyan sha takwas kafin a rufe musayar 'yan wasa ranar Alhamis da ƙarfe uku, ko shi ya rage da kansa. Na san inda wuƙarsa za ta faɗa. Dunlap da Marsh zai bayar, matasan da na yi shekara uku ina ginawa, don su ne kowa zai karɓa ba ciniki. Ba zan zuba ido a yi haka ba.

Ga abin da na tsara, ƙungiya uku. Mu za mu ba ka kyaftin ɗinmu, Lamont Pettiford, da albashinsa na miliyan talatin. Kai ka tura Brandvold Albuquerque, tunda tun Disamba yake ɗumama benci yana cin kuɗinka. Albuquerque suna da sararin ɗaukarsa, ni kuma zan biya su da haƙƙinmu na zaɓen sabon ɗan wasa a baɗi, su ba ni wani mai ƙaramin albashi. Manajansu, Ruben Archuleta, ya ce in ka sa hannu zai sa.

Kana na huɗu a tebur, ba ka da dogon da zai tsare maka ƙarƙashin kwando. Ni ina da shi. Ka duba.

Taka da girmamawa,
Marcella Gaddis

Omaha, Talata

Marcy,

Na ga saƙonki. Irene lafiyarta ƙalau, ta ce in gaishe ki, na ce zan yi tunani.

Lissafinki ya fita, ban yi mamaki ba, ni na koya miki. Sau uku na bi shi da fensir ina neman inda kika ɓoye mini ƙaya, ban samu ba, abin ya ɓata mini rai.

Amma a duk dogon bayanin nan ban ga inda kika ce kin gaya wa Lamont ba. Kwantiraginsa ya ba shi ikon ƙin tafiya, kin fi ni sani. Ko jira kike sai an gama, ya ji a rediyo yana hanyar kai yaransa makaranta? Ni a rediyon mota na ji cewa ke, mataimakiyata, kin karɓi aiki a Louisville, kofin shayinki bai ma huce a ofishina ba. Tafiyar ba ta dame ni ba, kowane tsuntsu sai ya bar sheƙa. Sallamar ce ba ki yi ba.

Mutumin nan shekara goma sha ɗaya yana zuba muku gumi. Ki je gidansa da ƙafarki. In kin yi haka, ki aiko mini da hoton gwiwarsa na asibiti, sai mu yi magana.

Ki huta lafiya,
Gus

Louisville, Laraba da safe

Madam Gaddis,

Barka da warhaka. Ki yi haƙuri da yadda muka rabu jiya. Matata Denise ta ce ban kyauta ba, baƙuwa ta zo har gida, ko burodin masarar da aka ajiye mata ba ta taɓa ba, ni kuma na tashi na bar ta a falo.

Da kika ce Omaha, ba ƙwallo na tuna ba. Mahaifiyata na tuna, da ke layi biyu daga gidana, da cocin da nake zuwa tun ina saurayi. Shi ya sa na ce miki a'a.

Da yamma na je atisaye. Na tsaya ina kallon Dunlap da Marsh suna ta zolayar juna, ba su san ana cinikin kansu ba. Marsh ya ce mini, "Tsoho, baɗi ni zan ɗauko maka kofin gasa, kai dai ka zauna ka riƙe mini tawul." Na ce ya fara koyon jefa ƙwallo a kwando tukuna. A hanyar gida na san ba zan iya zama a raba yaran nan saboda albashina ba.

Na yarda zan tafi. Amma akwai abin da ba ki sani ba. Hoton gwiwata da ke ofishinku na watan Satumba ne. A Janairu na je wurin wani likita a Cincinnati da kuɗina, ban gaya wa kowa ba. Ya ce guringuntsin ya kusa ƙarewa. Zan iya minti ashirin a wasa zuwa ƙarshen kaka, bayan nan sai tiyata, wataƙila kuma shi ke nan.

Na san in kika aika tsohon hoton, da wuya su gane kafin a sa hannu. Ni dai ba zan shiga gidan mutum da ƙarya a aljihu ba. Ga sabon hoton na haɗo miki. Sauran ya rage naki.

Na gode, Allah ya taimaka,
Lamont Pettiford

Louisville, Laraba da rana

Koci,

Ina gaisuwa. Na je gidan Lamont kamar yadda ka ce, kuma ya amince.

Hotuna biyu na aiko maka. Na farko shi ne wanda ka nema. Na biyu yau ya zo hannuna, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi kusan awa guda ina kallonsa kafin in haɗa shi da wannan wasiƙa. Lauyanmu ya ce doka ba ta tilasta mini ba tunda ba likitanmu ya ɗauka ba. Mista Hargrove ya ce in cinikin ya rushe saboda wannan, in kwashe kayana tare da yaran. Na ce masa na ji.

Lamont na wata uku kake saya, ba na shekara biyun da suka rage a kwantiraginsa ba. Don haka na ƙara maka haƙƙinmu na zaɓen sabon ɗan wasa a zagaye na biyu. Shi ne abu na ƙarshe da ya rage mini. In ka ƙi, zan kira sauran ƙungiyoyin ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ukun gobe, kuma kowa hoton nan zan fara nuna masa.

Batun shekara shida kuwa, tsoro ne ya hana ni shigowa ofishinka. Na san in ka ce in zauna, zama zan yi. Ban kyauta ba, ka yafe mini.

Taka,
Marcy

Omaha, Alhamis

Marcy,

Gaisuwa. Zaɓen na biyu na karɓa, ba gidan sadaka na buɗe ba. Minti ashirin na mutum irin wannan ya ishe ni. Na sa hannu ƙarfe biyu saura, Ruben ya sa nasa, takardu suna wurin hukuma. Yaranki suna nan hannunki.

Ki ce wa Lamont kada ya nemi jirgi. Ranar Asabar mu ne baƙinku a Louisville. Ya kwana a gidansa, ya kai mahaifiyarsa filin wasa, in ya shigo ya bi ƙofar hagu, ta ɗakin baƙi, maimakon ta dama. Rigarsa tana jiransa a can.

Ku shirya, ba za mu raga muku ba.

Sai mun zo,
Gus