Kwamfutar Uwaisu a Cikin Adaka

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Jikata Rumaisa ke rubuta min, ni ban taɓa zaman aji ba. Ubanta, ɗana Uwaisu, Allah ya jiƙansa, shi ya yi wa irin dawar garinmu Furana shafi a intanet. Shekara guda cur yana hawa mota zuwa Zariya, shagon kwamfuta, ya dawo ido jawur. Ya bi tsofaffi gida gida: wannan kaura, wannan farafara, wa ya kawo ta, wace irin ƙasa take so. Har muryoyinmu ya ɗauka, yana tambaya muna amsawa. Muryar tasa nake so in ji.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na fiddo kwamfutarsa daga adaka. Shekara goma sha ɗaya tana naɗe a zane, ko ƙura ban bari ta taɓa ba. Na ce kunna min. Rumaisa ta sunkuyar da kai. "Kaka, ai shafin ba a ciki yake zama ba. Yana wajen wasu mutane can, sun rufe tuntuni." Mai gyara a Ikara ma ya duba, ya ce ta mutu. Ashe ƙarfe nake ta gadi.

Asabar, 8 ga Yuni
Ban ci tuwo ba.

Laraba, 12 ga Yuni
Rumaisa ta shigo da murna, wai ta haɗa sabon shafi a waya tsakanin azahar da la'asar. Abin da ya ci wa ubanta shekara! "Yanzu ba wuya, Kaka, dannawa ce kawai." Na ce mu gani. Kyau kam akwai, amma wayam. Wa za ta tambaya? Tsofaffin da suka san irin, Mero ta rasu, Malam Inuwa ya rasu, masu noma duk sun koma irin kamfani na cikin leda. Na ce kashe min abin nan.

Juma'a, 14 ga Yuni
An yi ruwa. Na sa ta sauko min da zangarniyar da ke rataye a madafi, wadda Mero ta zo da irinta daga Kudan. Ba don shafinta ba, ƙwari nake dubawa. Ta ɗauki hoto, ban hana ba. Sai ta karkata kai ta ce, "Kaka, wace irin ƙasa take so?" Sak ubanta.

Na ce jigawa. Na ce ta matso da wayar, muryata ba ta kai nesa yanzu.